Taimama a Bakin Kogi: Inshorar Lafiya da Na'urar Tatsar Nono a Ƙasar Amurka

 Ina neman afuwarku tun da fari, domin mas'alar da na zo da ita tana cikin waɗanda a al'adarmu ba a ɗaga murya a kansu gaban surukai, balle gaban taron malamai. Amma tun da yake kunya, duk da kasancewarta ado, ba ta hana neman sani, kuma malaman fiƙihu ba su ji nauyin keɓe babi guda sukutum ga hukuncin shayarwa ba, ni ma zan bi sawunsu in kira kowane abu da sunansa. Kalmar da zan yi ta maimaitawa, watau tatsa, na san kunnen Bahaushe ya fi sabawa da jin ta a ruga, tsakanin saniya da ƙwarya. Ita ce dai ma'aikatan asibiti ke faɗa wa masu jego, saboda haka da ita zan tafi.

Gani ya kori ji. A 'yan shekarun nan na tafi Amurka zaman jego wurin 'yar ƙanena, wadda ke aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, na kuwa sauka saura mako uku ta haihu. Kwana biyu da zuwana sai ga wani kwali an ajiye a bakin ƙofa. Na ce mata, "Ke 'yar nan, kayan mene ne wannan, ke da ko naƙuda ba ki fara ba?" Ta ce, "Gwaggo, na inshora ne. Doka ce ta ce su bayar." Da muka buɗe, sai ga inji kamar ƙaramin rediyo, da mazurari biyu na roba, da tiyo biyu sirara, da kwalabe, da wata baƙar jaka wadda in ka gan ta a kafaɗar mace za ka ɗauka takardun ofis ne a ciki. Ta ba ni labarin yadda abin ya zo: likitarta ta rubuta takarda, ita kuma ta cika fom a intanet wurin wani dillalin kayan asibiti, dillalin ya tuntuɓi kamfanin inshora, sa'an nan aka nuna mata na'urori kaɗan waɗanda ba za ta biya ko sisi ba, da waɗansu masu yawa waɗanda sai ta yi ciko. Ta so mai batir, domin ba ta da tabbacin samun wurin jona wuta a wajen aiki, sai ta yi cikon. Sau uku ta buga waya kafin a gaya mata cewa ba za a aiko ba sai ya rage kwana talatin.

A daren nan na kwanta da tambayar da ta haifi wannan maƙala: ƙasar da kwana ɗaya a gadon asibiti kan iya cinye albashin wata, mene ne ya sa ta yi wa mai ciki wannan karamci tun kafin ta roƙa? Ruwa ba ya tsami banza.

Asalin na'urar

Ba sabon abu ba ne. Tun a 1854 aka yi wa wani Orwell Needham rajistar haƙƙin ƙirƙirar irinta a Amurka. A shekarun 1920 injiniya Edward Lasker, wanda aka fi sani da wasan darar Turawa, ya haɗa kai da likitan yara Isaac Abt a birnin Chicago suka ƙera mai aiki da lantarki. Daga baya kuma injiniyan Suwidin Einar Egnell ya yi shekaru yana nazarin ƙarfin zuƙar da jikin mace ke iya jurewa. Abin lura a nan shi ne dukkan waɗannan kayan asibiti ne, an yi su domin bakwaini wanda ba shi da ƙarfin kama nono, da uwar da ciwo ya raba ta da ɗanta. Sai a shekarun 1990, sa'ad da kamfanoni irin su Medela na ƙasar Suwizalan suka fito da ƙananan da ake ratayawa a kafaɗa, na'urar ta bar ɗakin marasa lafiya ta shiga jakar mata masu ƙoshin lafiya, a daidai zamanin da iyaye mata masu goyo suka yi yawa ƙwarai a ofisoshi da masana'antu.

Hikimar aikinta a taƙaice ita ce: jiki yana yin nono ne gwargwadon abin da aka cire, in an bar shi cike sai ya fahimci ba a bukata, ya rage. Matar da ta yi awa takwas ko tara nesa da jaririnta, in ba ta tatsa sau biyu ko uku ba, kafin 'yan makonni ruwan ya ja baya, ban da kumburi da zazzaɓin da kan biyo. Kowace tatsa kan ci minti goma sha biyar zuwa ashirin in da mai lantarki ce mai ɗaukar ɓangare biyu a lokaci guda; in kuwa da ta hannu ce, ɓangare ɗaya bayan ɗaya, lokacin ya ninka kuma hannu ya gaji. Ku riƙe wannan bambanci, domin a kansa aka yi shekara goma ana jayayya.

Nassi da sharhinsa

Ranar 23 ga Maris 2010 Shugaba Barak Obama ya sa hannu a kan dokar lafiyar nan da jama'a suka laƙaba wa suna Obamacare. A tsarin inshorar ƙasar, wanda akasarin ma'aikata ke samu ta hannun wurin aikinsu, ko bayan mutum ya zuba kuɗinsa na wata-wata akwai wani haddi da sai ya kashe daga aljihunsa kafin kamfani ya fara biya, akwai kuma ɗan kason da yake bayarwa duk lokacin da ya ga likita. Dokar ta keɓe ayyukan rigakafi daga wannan duka, ta wajabta a yi su ba tare da majiyyaci ya ba da kome ba. Kuma saboda 'yar Majalisar Dattawa Barbara Mikulski ta jihar Maryland ta lura cewa jerin farko bai kula da bukatun mata yadda ya kamata ba, ta kawo gyara wanda majalisar ta amince da shi a Disamban 2009, wanda ya ɗora wa wata hukuma ta Ma'aikatar Lafiya, mai suna HRSA a taƙaice, alhakin tsara jerin na mata. Hukumar ta nemi shawarar Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasa, cibiyar ta kawo shawarwari takwas a Yulin 2011, aka karɓe su ranar 1 ga Agusta, suka fara aiki ranar 1 ga Agustan 2012, ko da yake mafi yawan mata ba su ga amfanin ba sai da sabuwar shekarar inshora ta kama a Janairun 2013. A cikin takwas ɗin nan har da maganin hana ɗaukar ciki, wanda ya jawo ƙararraki har Kotun Ƙoli a 2014. Ita kuwa shayarwa, wadda ita ma tana cikinsu, ta wuce salin-alin, kuma wataƙila rashin rigimar ne ya sa ba a tsaya an tace kalmominta ba.

Gama nassin ya zo mujmali. Abin da ya ƙunsa shi ne a biya kuɗin koyarwa da shawara daga ƙwararre a lokacin ciki da bayan haihuwa, da kuɗin hayar kayan shayarwa, ga kowace haihuwa. Bai ce ta hannu ko ta lantarki ba, bai faɗi ranar da za a bayar ba, bai ambaci 'yan robobin da ke saki bayan wata biyu ko uku har zuƙa ta yi rauni ba. Sa'an nan wata ƙa'ida ta daban ta ba kamfanoni izinin su tsara hanya da adadi da yanayin bayarwa a duk inda nassi ya yi shiru, muddin abin bai fita daga hankali ba. Ɗaliban usulu sun san cewa lafazi in ya zo a sake, wani ne zai sa masa ƙaidi, kuma a wannan mas'ala wanda aka bar wa sa ƙaidin shi ne wanda kuɗin ke fita daga asusunsa. Sai waɗansu kamfanoni suka sauke wajibi da ta hannu, wadda ba ta wuce 'yan daloli talatin ko arba'in ba, alhali mai lantarki tana kaiwa 150 zuwa 300. Waɗansu suka ce sai an haihu, waɗansu suka ce in kwanaki kaza suka shige bayan haihuwa dama ta wuce. Cibiyar Shari'a ta Mata ta ƙasar ta fitar da rahoto a 2015 wanda ya jera ire-iren waɗannan saɓani, kuma ma'aikatu uku, ta Lafiya da ta Ƙwadago da ta Baitulmali, suka yi ta fitar da amsoshin tambayoyi, tamkar fatawoyi, a 2013 da 2015, suna bayyana cewa haƙƙin yana nan muddin mace tana shayarwa, kuma in kamfani ba shi da mai koyarwa a jerin waɗanda ya ƙulla yarjejeniya da su, dole ya biya na waje. Ba a rubuta ƙarara cewa mai lantarki mai ɓangare biyu ita ce abin fifitawa ba, tare da kayan gyaranta da na ajiyar nono, kuma ba a sharɗanta sai ta hannu ta gaza, sai a bitar da aka yi a ƙarshen Disamban 2021, wadda ta fara aiki a 2023. Yaran da aka haifa a shekarar da dokar ta fara sun kai shekara goma kafin nan.

Akwai kuma wata ƙofa wadda nassi bai rufe ba har yanzu, ita ce farashin da kamfani ke biyan dillali. A 2018 kamfanin Anthem, ɗaya daga cikin manya, ya rage abin da yake biya a kan kowace na'ura daga kimanin dala 169 zuwa 95. A takarda babu abin da ya sauya, na'ura tana nan kyauta. Amma dillali ba ya sayar da kaya a faɗuwa, saboda haka duk lokacin da aka rage masa, jerin na kyauta ne ke gajarcewa, jerin na ciko ya yi tsawo, kamar dai yadda na gani a fuskar kwamfutar 'yata.

Waɗanda aka bari a waje ma ba kaɗan ba ne. Tsofaffin tsare-tsaren inshora da suka riga dokar, in ba su yi babban canji ba, an ɗaga musu ƙafa. Iyalan sojoji, masu inshorar TRICARE, sai da aka yi musu doka ta daban a ƙarshen 2014. Medicaid kuwa, watau inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, wadda ke biyan kuɗin kusan haihuwa huɗu cikin kowace goma a ƙasar, ga mafi yawan masu cikin da ke ƙarƙashinta hukuncin ya koma hannun jihohi, kowace da nata. Sai shirin WIC, mai tallafa wa mata da ƙananan yara da abinci, yake cike giɓin da aro ko kyauta, shi da kuma a lokaci guda ya fi kowa sayen madarar gwangwani a faɗin ƙasar.

Abin da ya fi damuna a wannan babi shi ne rabin nassin da aka manta. Farkon jumlar koyarwa ce, na'ura a ƙarshe ta zo. Amma kwali yana da lamba da farashi, ana aika shi ta gidan waya a rufe littafi, koyarwa kuwa sai an nemo mutum, kuma jihohi ƙalilan ne ke ba masu wannan sana'a lasisi, abin da kamfanoni suka daɗe suna fakewa da shi. Mako biyu bayan haihuwa na tarar da 'yata tana tatsa tana cije leɓe, hawaye na zuba, abin da ya taru a kwalba bai kai cokali uku ba. Na ce, "Haba 'yata, abin da ke sa kuka ai ba magani ba ne, ajiye shi." Ta ce, "Gwaggo, in ban tara ba me zai sha in na koma?" Da ƙyar aka samo wata mai koyarwa, ta zo da ɗan ma'auni na takarda, ta duba ta ce mazurarin da ke zuwa cikin kwali, mai faɗin milimita 24, ya yi mata yawa, ta sauya ƙarami, ta rage ƙarfin injin, ta nuna mata yadda ake matsawa da hannu. Cikin minti arba'in ta gyara abin da kwalin dala ɗari biyu ya kusa ɓatawa. Aikin da kaka da ungozoma ke yi a ɗakin jego ne a wurinmu, ba a kuwa taɓa rubuta musu lada ba.

Abin da ƙididdiga ta nuna

Adalci ya wajabta in faɗi cewa dokar ta yi amfani. Kandice Kapinos da abokan aikinta, a binciken da suka wallafa a 2017, sun kwatanta matan da dokar ta shafa da waɗanda ba ta shafa ba, suka ga fara shayarwa ya ƙaru da abin da ya kai biyu da rabi cikin ɗari, wanda a ƙasa mai haihuwa kusan miliyan 3.6 a shekara dubban jarirai ne masu yawa. Amma ga alƙaluman Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta ƙasar game da yaran da aka haifa a 2019: kimanin 83 cikin ɗari an fara ba su nono, a wata shida kimanin 56 ne ke sha, waɗanda kuwa suka kai wata shida a kan nono zalla, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wasiyya, kimanin 25 ne kacal. A tsakanin baƙaƙen fata ko farawar ma kimanin 74 ce, alhali ta farare ta kai 85. Matan Amurka, ashe, ba niyya suka rasa ba, tun da takwas cikin goma sun fara. A hanya ne abin ke zubewa, bayan kowace ta riga ta karɓi kwalinta.

Inda gizo ke saƙar

A cikin ƙasashe masu arziki, Amurka ce kaɗai ba ta da dokar ƙasa mai ba mai jego hutu da albashi. Abin da ke akwai shi ne dokar 1993, ta zamanin Shugaba Bill Clinton, mai ba da mako goma sha biyu ba tare da ko kwabo ba, ita ma sai ga wadda ta shekara a wurin aikin, ta cika awa 1,250, kuma ma'aikatar tana da mutum hamsin ko fiye. Waɗannan sharuɗɗa sun fitar da fiye da kashi 40 cikin ɗari na ma'aikata. A ƙididdigar 2023, kimanin 27 cikin ɗari ne kaɗai ke da hutun iyali mai albashi daga wurin aikinsu. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta sa mako goma sha huɗu a matsayin mafi ƙaranci, da aƙalla kashi biyu cikin uku na albashi.

To, in muka ɗora dokar na'ura a kan wannan, sai hoton ya fito. Ita dokar 2010 ɗin, a wani sashe nata, ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su ba mai shayarwa ɗan lokaci, da wuri keɓaɓɓe wanda ba banɗaki ba, har tsawon shekara guda, ba tare da an tilasta biyan ta ladan mintocin ba. A Fabrairun 2011 hukumar haraji, wadda a da ta ƙi, ta yarda a lissafa na'urar cikin kayan magani. A ƙarshen Disamban 2022 aka faɗaɗa haƙƙin ɗaki da lokaci ya game miliyoyin da aka tsallake, irin su malaman makaranta da ma'aikatan jinya. Kowane ɗaya daga waɗannan alheri ne, ba na musu. Amma duk wanda ya jera su ya duba zai ga manufa guda ta ratsa su, watau a sauƙaƙa wa nono ya isa ga jariri ba tare da uwar ta kasance a wurin ba. Kuma marubuciya Jill Lepore ta hango haka tun a 2009, kafin a yi dokar, a wata maƙala da ta buga a mujallar New Yorker, inda ta nuna cewa ƙasar ta fara kula da ruwan nono fiye da yadda take kula da uwa da ɗanta. Lissafin ba shi da wuya: ko da kowace mai haihuwa ta karɓi na'urar dala 200, jimlar ba ta kai dala biliyan ɗaya a shekara ba, albashin mako goma sha biyu kuwa na mace guda dubbai ne.

Shari'a ta san rangwame, ta kuma girmama shi. Wanda ya rasa ruwa, ko ya ji tsoron cuta in ya taɓa shi, ya yi taimama, sallarsa ta inganta, babu mai aibata shi. Abin da malamai ba su yarda da shi ba shi ne a mai da rangwame asali, a tsaya a bakin kogi ana buga ƙasa. Kuma in aka tarar da jama'ar gari duka suna taimama alhali ga kogi yana gudana, mai hankali ba zai tuhumi masu sallar ba, zai tambaya ne wane ne ya kewaye kogin da shinge. Na'urar tatsa an ƙirƙiro ta domin lalura. Ƙasar da ta fi kowace dukiya ta raba ta ga kowace mai ciki, lafiyayya da majiyyaciya, saboda ta riga ta ƙaddara cewa rabuwar uwa da jariri a mako na shida ko na goma sha biyu ita ce al'ada.

Ibn Sa'ad ya kawo a cikin Ɗabaƙat cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, a wani dare da yake gadin wani ayari da ya sauka a Madina, ya yi ta jin kukan jariri, ya je ya yi wa uwar magana har sau da dama, daga ƙarshe ta gaya masa, ba tare da ta san ko shi wane ne ba, cewa yaye take yi masa da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kada a gaggauta yaye, an yanka wa kowane abin haihuwa rabonsa tun daga ranar da ya zo duniya. Abin da nake so mu ɗauka a nan na siyasar mulki ne: Halifa bai yi wa matar wa'azin falalar shayarwa ba, bai kuma aika mata da wani kayan aiki ba, ya gane cewa ƙa'idar kuɗin da shi kansa ya kafa ce ke cire yaron daga nono, sai ya gyara ƙa'idar. Haka kuma aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu cikakku, a cikinta aka ɗora ci da tufatar mai shayarwa a kan uba, kuma aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta tabbatar wa wadda aka saki ladan shayarwarta. Watau shayarwa aiki ne mai cin lokaci da jiki, kuma nafaƙar tana bin mai aikin ne.

Za a ce mini, kuma da gaskiya, akwai matan da ke son komawa aikinsu da wuri don ra'ayin kansu, akwai masu bakwaini a kwalba waɗanda na'urar ce rayuwar 'ya'yansu, akwai wadda jaririnta ya ƙi kama nono sam, akwai wadda ke so mijinta ya karɓe ta da dare ta sami barci; kuma a 2022, da aka rufe wata babbar masana'antar madara a jihar Michigan har kantuna suka wayi gari babu kaya, masu na'ura a gida sun gode Allah. Ba na cikin masu zagin na'urar, kuma da za a nemi ra'ayina a kan soke wannan haƙƙi da na ce a'a da babbar murya. Ƙorafina a kan abin da aka sa ta ta maye ne. A Jamus, inda mai jego ke da mako goma sha huɗu da albashi sa'an nan ga hutun reno mai tsawo a bayansa, likita kan rubuta na'urar in akwai dalili, a karɓo haya a kantin magani, inshora ta biya, in lalura ta wuce a mayar. Ko a cikin Amurka, jihar Kalifoniya ta fara biyan hutun iyali a 2004, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna shayarwa ta ƙara tsawo a can.

Wata mas'ala ta gefe, domin 'yan'uwanmu Musulmi mazauna Amurka: na'ura kan sa nono ya yi rara a firiza, kuma ba da rarar ga maƙwabciya ko ga bankin nono abu ne da ake yabawa a ƙasar. A mazhabar Malik, nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekarun shayarwa yana haramta aure ko da ɗura aka yi, ba sai ya kama da bakinsa ba, saɓanin ra'ayin Ibn Hazm. Wadda za ta bayar ko ta karɓa, ta rubuta suna.

Mu fa?

Tun da Nijeriya ta yi sabuwar dokar inshorar lafiya a 2022, wadda ta mai da shiga wajibi, lalle wata rana za a kawo wannan magana teburin masu tsara abin da inshora za ta biya, kuma za a kawo ta da hujjar cewa haka ake yi a Amurka. Ina roƙon a duba illa kafin a yi ƙiyasi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin 29 cikin ɗari na jariran da ba su kai wata shida ba ne ke kan nono zalla, amma sababinmu daban ne: ruwan da ake ɗura wa jariri don tausayin zafi, da dakashin da har yanzu waɗansu ke zubarwa, alhali akasarin matanmu ɗansu yana bayansu a gona da kasuwa da tsakar gida. Nonon da aka tatsa, bisa ƙa'idar likitocin Amurka, awa huɗu yake yi a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana huɗu a firiji. Ku auna wannan da watan Afrilu a Sakkwato ko Damagaram, da wutar da ke zuwa sa'ad da ta ga dama, da ruwan da za a wanke tiyo da mazurari da shi sau uku a yini. Inda na'urar ke da wurin zama a wajenmu shi ne ɗakin bakwaini na asibiti, babba mai ƙarfi wadda mata da yawa za su yi amfani da ita kowace da nata mazurarin, tare da ma'aikaciyar da aka biya don ta koya wa kowace mai jego tatsa da hannu a kofi mai tsabta. Ga ma'aikatan ofis da banki kuwa, Dokar Ƙwadago ta ba da mako goma sha biyu da rabin albashi, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa, gwamnatin tarayya ta kai nata ma'aikatan mako goma sha shida, Legas da Kaduna sun kai wata shida. Wannan hanyar ce ta cancanci a bi ta har kamfanoni masu zaman kansu.

'Yata tana cikin waɗanda dokar 1993 ta ba mako goma sha biyu, amma da ita da mijinta suka zauna da biro da takarda, suka ga shida kaɗai za su iya ɗauka kuɗin haya bai gagare su ba. Mako shida kwana arba'in da biyu ke nan. Ranar da muka yi arba'in na dama mata kunun kanwa da gerona da na ƙullo daga gida, kwana biyu bayan haka, tun kafin alfijir ya keto, ta shayar da shi, ta jera mini kwalabe huɗu a firiji kowace da ranarta a rubuce, ta rataya baƙar jakar ta fita. Yaron ya ƙi kwalbar har hantsi. Wajen ƙarfe goma ta bugo waya daga ɗakin ajiyar kaya da aka ba ta, inda ta ce akwai kujera ɗaya da kwalayen safar hannu, tana tambaya, "Gwaggo, ya karɓa?" Na ce ya fara. Ta ce in kara masa wayar ta ji muryarsa, wai an ce hakan yana sa ruwan ya sauko. Na kara, yana ta 'yan guraye, ni kuma daga can ɓangaren ina jin injin yana numfashi, fuu, fuu, fuu, har mintocinta goma sha biyar suka cika.